Amsar da Ta Daɗe a Sito

Jiya da aka kawo ku ofis, ku sababbin ɗauka, na ji ɗayarku tana ce wa ƙawarta, "Ashe aikin ke nan? Tambaya da latsa waya?" Ni ma abin da na faɗa ke nan a ranata ta farko, sai dai ni biro aka miƙo mini. Sunana Kulu, 'yar unguwar Firchin ce ni a garin Jega, na haura shekara ashirin ina bin mata gida-gida ina rubuta abin da magani ya yi musu. Tunda an ce in yi muku bayanin aikin kafin ku fita ƙauye, to ku gyara zama.

Wadda ta koya mini aiki Sista Luba ce, tsohuwar unguwarzoma, Allah Ya jiƙanta. Wata guda na yi a hannunta ba ta bar ni na yi wa kowa tambaya ba. Aikina kullum da safe in ɗora jarkar ruwa ɗaya a kan sikeli in ga ko abin da ya nuna jiya shi ya nuna yau. Daga nan in shirya jaka: sikeli, guntun katakon da ake ɗora shi a kai don tsakar gida ba ta da daidaito, tef ɗin awon dantse, baƙin biro guda biyu, tawadar dangwale, fom a cikin leda saboda ruwa, sai kular ƙanƙara don 'yan kwalaben jini. In na manta abu ɗaya ba ta faɗa. Sai mun yi nisa a kan kabu-kabu ta ce, "Kulu, ara mini tef ɗinki."

Ranar da ta fara barina ni kaɗai, wata mata na je aunawa a Aliero. Lokacin cirar albasa ne, gidan ya cika da aiki, matar tana ta dafa abincin 'yan gona. Ta ce in yi haƙuri, ba ta da sukunin hawa sikeli. Na dube ta na ga kamar ba ta canja ba, sai na kwafe nauyinta na wancan watan na dawo. Sista Luba ta duba fom ɗin sau ɗaya ta ɗago kai.

"Mai ciki wata bakwai, ko ɗigo ba ta ƙaru ba?"



"Koma," in ji ta. "In kin tarar ba ta da lokaci, ki taya ta tuƙa tuwon. In kuma ta ƙi, ki bar gurbin haka nan. Gurbin da ba komai ana ganin sa a koma a cike. Wanda aka cike da ƙarya kuwa ba mai sanin inda yake."

Na koma cikin rana tsaka. Na taya ta kwasar tuwo, ta hau sikeli, ashe ramewa ma ta yi. A ranar aka kai ta asibiti aka tarar jininta ya yi ƙasa sosai. Tun daga nan ban ƙara rubuta abin da ban gani ba.

Tambaya ma sana'a ce. In kin ce wa mace, "Kina shan maganinki?" za ta ce e, don ta ga kin sha hanya, ba ta son ki koma da ɓacin rai. Sai dai ki ce, "Jiya kafin tuwo kika sha ko bayan tuwo?" Sannan ki karɓi fakitin ki ƙirga ƙwayoyin da suka rage. Kafin duk wannan kuwa kin tsaya a zaure kin gaida maigida, kin shiga kin durƙusa wa uwar miji, kin tambayi ya ruwa, ya albasa. Wadda ta tsallake waɗannan za ta cika fom ɗinta tsaf, amma ba za a gaya mata gaskiya ba.

Babban aikin da na fara yi gwajin wani sabon maganin ƙarin jini ne na masu juna biyu. Wani kamfani na ƙasar waje ya kawo shi, yana so a gwada shi da tsohon da aka saba bayarwa wurin awo. Matan da suka shiga na Jega ne da Sabiyal da Liba da ƙauyukan da ke tsakani. An yi ƙwayoyin iri biyu kama ɗaya, launi ɗaya, fakiti ɗaya. Kowace mace lamba gare ta, kowane fakiti lamba gare shi. Ni ban san wace ce ke shan sabo ba, Sista ba ta sani ba, likitan da ke duba su ma bai sani ba. Takardar da ta fayyace wace lamba ce sabo, wace ce tsoho, tana can hannun kamfani. An yi haka ne don kada son zuciya ya shiga biro.

Kafin mace ta shiga sai na karanta mata takardar amincewa daga farko har ƙarshe, in ta yarda ta dangwala yatsa. A cikin takardar akwai layin da ya ce idan an gama za a dawo a gaya musu abin da aka gano. Da bakina na karanta wannan layin a kowane ɗaki.

Ina cikin zagaye na lura wasu matan suna amai fiye da na laulayi. Akwai Ige, matar wani malamin allo a Liba mai suna Malam Sani. Duk ranar da na je sai in tarar ta yi zuru-zuru, amma fakitinta daidai yake, ba ta tsallake ko kwana ɗaya ba. Likita ya duba ta, aka ce mata tana da ikon dainawa duk ran da ta ga dama. Ta ce, "Na riga na aza yatsa, Malama. In na bari, mi za ku rubuta?" Na ce zan rubuta ta bari, shi ma amsa ce. Ta ƙi. Na tambayi Sista ko sabon ne ke sa su haka. Ta ce, "Ni da ke ba mu sani ba. Rubuta. Ranar da aka buɗe lambobi, takarda za ta yi magana."

Mace ta ƙarshe ta haihu, muka kwafe komai muka aika, muka zauna jiran amsa. Abin da ya zo wasiƙa ce mai layi kaɗan: kamfani ya rufe shirin, ana godiya. Ba a ce maganin ya yi ba, ba a ce bai yi ba. Aka sallame mu. Fom ɗin asali aka zuba a kwalaye aka kulle a wani sito a bayan ofis, da sharaɗin ba mai buɗewa sai da izinin masu shi.

Wannan ita ce muguwar shekarata a aikin nan. Mata suna tare ni a kasuwar Jega suna tambaya, ni kuma ba abin faɗa. Da shirun ya yi yawa sai magana ta fara yawo cewa jininsu muka kwasa muka sayar. Na je suna a Sabiyal, ina shiga hira ta tsaya cak. Gidajen da a da ake shimfiɗa mini tabarma, sai a aiko a ce matar gidan ba ta nan, alhali ina jin muryarta. Na koma soya ƙuli-ƙuli ina bayarwa ana kai mini kasuwa. Da damina kuma rufin siton ya fara yoyo. Ba wanda ya sa ni, amma na je na roƙi mai riƙe da makulli, muka ɗora kwalayen a kan bulo, muka lulluɓe da leda, na zagaye su da toka saboda gara. Sista Luba ba ta daɗe ba bayan haka ta kwanta ciwon da bai bar ta ba. Da na je duba ta, abin da ta ce shi ne, "Kada ki bari a ƙone su. Kada kuma ki bari a buɗe su ba bisa ƙa'ida ba."

Aiki ya dawo daga baya, na yi wasu gwaje-gwajen, mutane suka huce sannu a hankali. Wata rana na shiga kemis sai na ga maganin nan a kan kanta, na gane sunansa daga takardar da na sha karantawa. An sa shi a kwali mai ƙyalli, da tsada, magidanta suna saya wa matansu don an ce ya fi na asibiti. Na ce a raina, to alhamdu lillahi, ashe ya yi.

An haura shekara goma da rufe siton sai ga wata baƙuwa ta zo nemana har gida, Dakta Zainab, malama a wata jami'a. Ta ce ita ba ta kamfani ba ce, ba kuma ta masu gaba da kamfani ba. Aikinta ta tattaro duk gwajin da aka taɓa yi wa magani guda, ta haɗa su ta ga me suka ce gaba ɗaya. Akwai rajistar da ake rubuta kowane gwaji kafin a fara shi, a nan ta ga namu. Ta nemi sakamakonsa ko'ina ba ta samu ba.

"Hajiya," ta ce, "waɗanda aka buga duk sun yabi maganin. Amma akwai waɗanda aka yi ba a buga ba, naku na ciki. Ban ce akwai mugun abu a ciki ba. Ban sani ba ne, likitocin da ke rubuta shi ma ba su sani ba."

Na ce, "Wato albasar saman buhu aka nuna muku."

Ta yi dariya ta ce ita ta kwana biyu tana neman yadda za ta faɗe shi a taƙaice.

Na kai ta siton. Ta tsaya tana kallon kwalayen, ta shafa ɗaya ta ce ko za ta iya leƙa fom guda, ta ga yadda aka cike shi kawai. Na ce a'a. Sunayen matan mutane ne a ciki, da cikinsu, da ɓarinsu, da abin da ko mazansu ba su sani ba. Na zaci za ta ji haushi. Sai ta janye hannunta ta ce, "Kin yi daidai, ni ce na yi azarɓaɓi. Yanzu ma na ƙara yarda da abin da ke ciki." Dama ko na buɗe mata, ba abin da za ta tsinta, tunda takardar lambobi ba ta hannunmu.

Shekara biyu ta yi tana rubuta wasiƙu. Kamfanin wani ya saye shi, sababbin masu shi suka ce sirrin kasuwanci ne, daga baya suka ce ba su san inda fayil ɗin yake ba. Ta samu wasu masu bincike irinta suka sa hannu tare. Ta kai maganar gaban kwamitin da ke kare haƙƙin mutanen da ake gwaji da su. Duk bayan 'yan watanni sai ta kira ni ta ce, "Hajiya, kwalayenmu suna nan?" In ce suna nan. A ƙarshe aka amince, bisa sharaɗi uku. Ta rubuta tun kafin ta ga komai abin da za ta duba da yadda za ta duba shi, don kada ta je tana tsintar abin da ranta ke so. A cire duk abin da zai sa a gane mace. Sannan a koma wurin matan a sake neman izininsu, domin takardar da suka dangwala a da cewa ta yi masu wannan gwajin kaɗai za su gani.

Sharaɗi na uku a kaina ya faɗo. Na ɗauki jaka na koma bin gidajen da na bari da kunya. Wasu sun ƙaura, wasu aure ya kai su wani gari, sai da tambaya da kwatance. Abin da ya ba ni mamaki, yawancinsu ko gama bayani ban yi ba suke miƙo yatsa. Wata ta ce, "Ashe ba ku mance ba."

A Liba na tarar Ige ta rasu shekara uku da suka wuce, wani ciwo ne daban. Kwamiti ya ce wadda ta rasu a nemi magadanta. Na sami Malam Sani a zaurensa yana gyara alƙalami. Na durƙusa na yi masa gaisuwa, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ɗago kai ya tambaye ni.

"Wagga likita, sunan iyalina za ta gani?"

"Allah gafarta Malam, lamba kawai za ta gani."

"In ta gani, mi za ta yi da shi?"

"Za ta gaya wa likitoci ko maganin ya fi tsohon ko bai fi ba."

Ya aje alƙalamin. "Marigayiya ta wahala da ƙwayoyin nan. Na ce ta bari, tac ce amana ta. To wahalar da anka sha don mutane su amfana, in anka kulle ta ɗaki, an zalunci mai ita sau biyu. Kawo takardar." Bai dangwala ba, da ajami ya rubuta sunansa.

A Sabiyal ne aka ƙi ni. Wata mata mai suna Tumba, tana tsaye bakin rudun da ake adana albasa, ta saurare ni har na gama ta ce, "Ba ni so." Na tambaye ta ko akwai abin da ba ta gane ba in sake bayani. Ta ce ta gane sarai, ita dai kada kowa ya karanta tata. Na yi mata godiya, na rubuta ta ƙi, na koma na ware fayil ɗinta gefe. Ku riƙe wannan: a'a amsa ce cikakkiya. Ba a yi wa mai ita naci, ba a kuma aika mata da mijinta.

Cire sunaye ya ci mana wata biyu. Kowane shafi sai an ɗauki hotonsa, a bi hoton da baƙin alƙalami mai kauri, a ɗaga shi a hasken taga a ga ko rubutun na leƙowa. Ba suna kaɗai ba. Da hannuna na taɓa rubuta "matar ladan, mai tagwaye" a gefen wani fom don in gane gida. Duk wanda ya san garin ya san ta. Irin waɗannan muka yi ta farauta layi-layi. Ranar da muka gama, kamfani ya aika wa Dakta takardar lambobi.

Ba ta aiko da amsar a waya ba, da kanta ta zo. Muka tara matan Liba a wani babban gida, washegari na Sabiyal, sannan na Jega. Ta tsaya ta yi musu bayani da Hausa, ba ta ɓoye komai ba. A wurinmu sabon maganin bai fi tsohon ƙara jini ba, kuma masu shan sa sun fi yin amai, da yawa har suka daina sha. Da ta haɗa namu da sauran da ba a buga ba, fifikon da ake ta yaɗawa ya zama ba wani abin kirki ba. Ta ce duk mai ciki ta ci gaba da zuwa awo tana shan wanda ake ba ta, yana aiki, kada ta raina shi don ba shi da kwali mai ƙyalli. Ta ce ta buga sakamakon inda kowa zai iya karantawa, ta kuma aje bayanan, ba suna, inda wani mai bincike zai nemi izini ya duba ko ita ma ta yi kuskure. Duk wadda ta so, aka gaya mata a keɓe wanne ta sha. Ige sabon ta sha. Ni na kai wa Malam Sani wannan, ya ce, "Allah Ya sa a mizaninta."

Ba zan ce muku duniya ta juya ba. Har gobe maganin na nan a kemis. Amma yanzu in magidanci ya tambayi unguwarzoma ko ya sayar da buhun albasa ya saya wa matarsa mai tsadar, tana da amsar da za ta ba shi, kuma daga ɗakunan matan nan amsar ta fito. Ni kuwa na sauke alkawarin da na ɗauka da bakina. Ina gode wa Allah da Ya ba ni rai na kai ranar, ina gode wa Sista Luba da ta koya mini, da Dakta da ba ta gaji da wasiƙa ba, da matan da suka sake buɗe mini ƙofa alhali ba dole.

Tumba ba ta zo taron Sabiyal ba. Da aka watse na bi ta gida, don ko ta ƙi a karanta tata, amsar haƙƙinta ce, ita ma ta ba da jininta. Na tarar tana tankaɗe. Na gaya mata duk abin da Dakta ta faɗa. Da na zo kan maganar amai sai ta aje rariya.

"Wasu ma sun bari?"

"Da yawa."

"Kuma sun hwaɗi?"

"Sun faɗa, na rubuta."

Ta ja ni cikin ɗaki ta saki labule. "Malama Kulu, ni ban sha su ba. Amai ya kusa kashe ni. Kullum sai in ɓalle guda in jefa masai, in kin zo in ba ki fakiti ki ƙirga. Kina shan rana kina zuwa, kunya ta hana ni hwaɗi. Da kinka dawo neman izini, sai nig ga ƙaryata za a kai wa likita ta yi wa mutane magani da ita. Shi ya sa na ƙi."

Na zauna a bakin gado. Fom ɗinta yana cikin waɗanda nake alfahari da su, ba gurbi ko ɗaya, kowace ƙirga daidai. Tun ranar da ta ƙi nake ɗauka fushi ne ya sa ta, ashe aikina take tsare mini.

A nan ɗakin na kira Dakta, da yardar Tumba. Ta ce in Tumba ta amince a rubuta gyaran a aiko, za ta kai wa kwamiti a haɗa da sauran, don irin wannan shi ne abin da ake nema. Aka duba lambarta, ita ma sabon aka ba ta. Na fito da takardar amincewa na karanta mata tun daga farko, ta dangwala. Na ɗauko farar takarda na cire murfin biro na ce ta faɗa mini yadda aka yi, daki-daki.

Ta gyara ɗaurin zanenta ta matso kusa tana kallon hannuna.

"To rubuta. Amma ki rubuta kwana tara nis sha kahin in bari. Kada a ce ban gwada ba."

Na rubuta tara.